Hannun Baba Ladan

Taf ɗin ya kama bakin rami na bakwai ya fara nutsewa. Baba Ladan ya karkata kai ya ba injin kunnensa na dama, wanda ya fi ji da shi. Yatsunsa biyu na kan maɓallin murɗawa, wani ɗan baƙin abu irin na ƙara sautin rediyo. Da ya ji an kusa gindin ramin sai ya murɗa maɓallin baya a hankali, daga ɗari zuwa sittin. Kukan injin ya sauka. Sandar da ke riƙe da taf ɗin ta tsaya cak, ta juya da baya, taf ya fito yana sheƙin mai, lafiya lau. Ya mayar da maɓallin kan ɗari.

"Bakwai," in ji shi. "Saura goma sha bakwai."

"Sannu, Baba," in ji Bushra daga teburinta, ba tare da ta ɗago ba. Ita ce mai rubuta wa injin umarnin aiki, lamba bayan lamba, shi kuwa Baba Ladan shi ne mai tsayuwa a gabansa.

Wanda bai san aikin ba zai raina taf. Ɗan ƙarfe ne da bai wuce tsawon yatsa ba, aikinsa yanka haƙori a cikin rami don noti ya sami abin kamawa. Sai dai ya fi ƙarfen da yake yankawa tauri, ga shi da saurin karyewa, kuma in ya karye a cikin rami babu abin hudar da zai ci shi. Abin da ke ɗaure kan teburin injin ran nan kuwa ba abin wasa ba ne. Rabin mol ne na butar roba, wato ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba a ciki ta fito buta, na wani kamfani a Abule Egba. Sati uku ana sassaƙa shi. Ramuka ashirin da huɗu na noti ne aikin ƙarshe, kuma ko ɗaya ya ɓaci sai an yi ta ba da haƙuri.

Injin ya tsaya kamar yadda aka umurce shi ya riƙa yi bayan kowane rami. Baba Ladan ne ya matsa wa Bushra ta sa wannan tsayawar tun farkon zuwanta. Ya ja ƙofar gilashi, ya ɗauki tiyon iska ya hure rami na takwas har sai da ya ga gindinsa fes. Ya goge taf da tsumma, ya bi haƙoransa da farcen babban yatsa, sannan ya tsoma gashin kaza a gwangwanin madara mai ɗauke da man gyaɗa da ɗan kananzir, ya shafa. Duk wannan yakan yi shi ne hankalinsa na wani wuri, kamar mai gyara hula kafin fita. Abin da yake ɗauka aiki shi ne maɓallin.

Ba shi kaɗai yake ɗaukarsa haka ba. Duk layin masu walda da makanikai na wannan lungu na Ogba sun san labarin. Injin tsohon yayi ne da aka sauke a tashar jiragen ruwa shekara biyu da suka wuce, mai kwamfuta a jikinsa, kuma mai shagon ya rasu bai more shi ba, ya bar wa matarsa, Alaja. Wanda ya fara tsayuwa a kansa ya karya taf shida a wata uku. Sai aka kawo Baba Ladan, ya ɗora yatsu biyu kan maɓallin, yau wata goma sha huɗu ke nan ba a ji ƙarar karyewa ba. Alaja ba ta san komai game da ƙarfe ba, ba ta kuma ɓoye hakan, amma wannan ta gani da idonta. Duk baƙon da ya zo sai ta ja shi gaban injin ta ce ya kalli hannun Baba.

To ran Litinin sai ga ƙanin mijinta, Oga Rasaki, ya dawo daga wata tafiya da ya yi ƙasar waje da labari. Ya ce a can irin wannan injin ba mai tsayuwa a kansa. A danna masa kore a tafi shan shayi. Ya ce yarinyar nan mai rubuta lambobi ta isa, tsohon nan da gashin kazarsa ɓata lokaci kawai yake. Alaja ta saurare shi, ta saurari shirun Baba Ladan, ta ce ran Alhamis da ƙarfe huɗu za ta zo ta gani da kanta, a bar mata ramuka huɗu na ƙarshe. In injin zai iya shi kaɗai, to Baba ya huta daga ƙarshen wata. Haka ta faɗa, ya huta. Yau ce Alhamis ɗin.

Shekarunsa hamsin da takwas. A Agege aka haife shi, a Agege aka haifi ubansa, kakansa ne sojan Bature da ya tuɓe kaki bai koma Arewa ba. Shi kansa sau biyu ya taɓa zuwa can, duka ɗaurin aure, kuma duka an yi wa Hausarsa dariya. Shekara ashirin da shida ya yi a ɗakin gyaran wata masaƙa a Ikeja yana yanka haƙori da hannu, juyi biyu gaba, rabi baya, har aka sa wa ƙofar masaƙar kwaɗo. Tun da soja suka koma bariki ake cewa za a buɗe ta. Ciyawar harabarta yanzu ta kai ƙugu.

Na takwas ya wuce, na tara, na goma. A na goma sha ɗaya ne abin ya faru.

Taf ya nutse, lokaci ya yi, Baba Ladan ya murɗa, sai kawai maɓallin ya taho a hannunsa. Ya kuɓuce, ya daki gefen injin, ya gangara ƙarƙashin benci. Abin da ya rage a allon sai ɗan tsinken ƙarfe siriri, wanda yatsunsa masu maiƙo suka kasa kamawa.

"Innalillahi!" Ya rufe ido yana jiran ƙarar.

Kukan injin ya sauka. Sandar ta tsaya, ta juya da baya, taf ya fito.

Ya buɗe ido. Ya daɗe a tsaye yana kallon ramin. Ya ja ƙofa, ya hure shi, ya ɗauki notin gwaji ya ɗaura da yatsa, noti ya shige sumul har gindi kamar na sauran goman. Ya durƙusa da ƙyar, ya laluɓo maɓallin a cikin ƙura, ya goge shi da rigarsa ta aiki. Bai mayar da shi ba. Ya riƙe shi a tafin hannu.

"Bushra, zo."

"Na'am, Baba." Ta taso tana gyara mayafi. 'Yar amininsa ce, marigayi Yusha'u, kuma shi ya kawo ta wurin Alaja da ta gama foliteknik ta yi shekara guda tana zaune a gida. Ta ga abin da ke hannunsa. "Au, ya fita? Ɗan notin gefensa ne ya saki. Bari in ɗauko ƙaramin makulli."

"Ba don shi na kira ki ba. Tsaya ki gani."

Ya hure rami na goma sha biyu, ya shafa mai, ya rufe ƙofa, ya danna kore, ya goya hannayensa a baya. Taf ya sauka. Daidai inda ya saba murɗawa, ba gaba ba baya, kukan ya ragu da kansa. Sandar ta juya, taf ya fito. Bushra ba injin take kallo ba, ƙasa take kallo.

"Tun yaushe?"

"Baba..."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun satin da na fara aiki," ta ce a hankali. "Yana cikin littafin injin."

"To karanta min. Da Hausa."

Ta ce, "In yana yanka haƙori, juyin sandar da saukarta a ɗaure suke da juna. Juyi ɗaya, ta sauka milimita ɗaya da rabi, ba ƙari ba ragi. In aka bar mutum ya taɓa ɗaya, ɗayan zai iya saɓawa, haƙori ya ɓaci ko taf ya karye. Shi ya sa waɗanda suka ƙera shi suka sa ba ya jin kowa a lokacin. In ana huda ko ana sassaƙa, maɓallin na aiki, wannan gaskiya ne, ka sha rage gudu ka ceci aiki. Amma da taf ya taɓa ƙarfe, shi ke nan. Ko maɓallin dakatawa ka danna, sai ya fito tukuna zai saurare ka."

"Raguwar da nake ji fa? Kunnena ne ya yi ƙarya?"

"A'a. Birki yake takawa da kansa kafin ya kai gindi, don ya samu ya juya. Kunnenka ya san daidai lokacin, Baba. Tare kuke yi."

Tare. Baba Ladan ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Kunya ce ta kama shi, irin wadda ke sa bayan wuya zafi. Ya tuna baƙin da aka tara a bayansa, ya tuna yadda yake ɗaure fuska yana karkata kai, har da ɗaga ɗayan hannun a yi shiru.

"Wata goma sha huɗu kina zaune a can kina kallona ina yi wa injin rawa."

"Wallahi ba haka na ɗauke shi ba."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na zo zan faɗa. Ranar na tarar Alaja na nuna wa wasu mutanen Ketu hannunka. Ta yaya zan fara? Kai ka kawo ni nan, Baba." Sai maganar ta ƙwace mata. "Kuma ai ba ƙarya ba ne taf ya daina karyewa. Wancan mutumin na farko, an ce min, ba ya hure rami, sai garin ƙarfe ya taru a gindi taf ya tokare. Ba ya shafa mai, ruwan injin kawai yake bari. Ba ya duba haƙori. Kai kana yi, rami bayan rami. Wannan ne."

"Hure rami da shafa mai? Mai shara ma zai iya."

"To me ya sa wancan bai iya ba?"

Ya ajiye maɓallin kan bencin, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"In ta zo zan faɗa mata," in ji shi. "Ni ban taɓa cin abincin ƙarya ba, ba zan fara da furfura ba."

"Baba, don Allah ka ji. Na san matar nan. In ka ce mata maɓallin ba ya komai, ba za ta ji sauran maganar ba. Oga Rasaki kuwa ko ƙarasawa ba zai bari ka yi ba."

"Wannan kuma ruwansu."

Da aka kira azahar ya wanke hannu da garin sabulu ya fita. Ya yi salla a ɗan masallacin da ke bayan mai facin taya, ya sayi shinkafa da wake a wurin matar da ya saba, ya ci cokali uku ya rufe. A hanyar dawowa ya bi ta layin manyan gidaje don ya ja lokaci. A ƙofar wani gida mai koren get ya ji an kira shi.

"Injiniya! Mai hannun zinariya!"

Jumare ne, abokin aikinsa na masaƙa, wanda a dā in injin saƙa ya yi tari daga nesa zai faɗa maka wane ƙarfe ne ya goge. Yana zaune kan benci da shuɗiyar rigar gadi da ta yi masa yawa, rediyo a cinya. Suka gaisa, suka tambayi iyali. Jumare ya matsa masa wuri, bai zauna ba.

"Kai dai ka tsira, Ladan. Duk cikinmu kai kaɗai ka rage kana taɓa ƙarfe. Ko jiya na ba wani direba labarinka, na ce akwai mutumin da kwamfuta ke yi wa biyayya."

"Haba dai."

"Allah kuwa. Ka riƙe wurin nan da kyau. Nan ba wahala, ka gani, amma yini na da tsawo."

Mota ta yi ham daga bakin layi. Jumare ya zabura, rediyon ya kusa faɗuwa, ya ruga ya ja get ɗin da hannu biyu, ya tsaya a gefe yana sara wa gilashin da ba a sauke ba. Baba Ladan ya wuce bai jira sallama ba.

Ya tarar Bushra ta tura maɓallin kan tsinkensa don kada allon ya zauna da gibi, amma ba ta ɗaure ba, ƙaramin makullin ya shige wani wuri. Ya ci gaba daga na goma sha uku. Ya hure, ya duba, ya shafa, ya danna, ya goya hannu. Abin haushi, duk sanda taf ya kusa gindi sai ya ji hannun damansa na motsi a baya yana neman tafiya, sai ya danne shi da na hagu. Ramuka takwas aka yi haka, ba wanda ya yi gardama. Kafin la'asar an kai ashirin, ya tsaya.

Huɗu da kwata Alaja ta shigo, babbar mace mai ɗaurin kai kamar faifai, Oga Rasaki na biye da ita da agogon zinariya. A hannunta akwai wayar salula, irin wadda ta shigo gari bana, kuma tun da ta saye ta ba a ƙara ganin tafin hannun nan a buɗe ba. Uwarta fataucin goro ta yi a kasuwar Agege, saboda haka Hausarta ta ishe ta ciniki, ta ishe ta faɗa.

"E ku ishe o!" ta ce da Yarbanci. "Sannu da aiki, Baba. Sannu, 'yata. Ina ramukana huɗu?"

"Ga su nan, Alaja, suna jiranki."

Wayar ta yi ƙara. Ta kara a kunne, ta yi ta halo halo, maganar na yankewa saboda rufin kwano, ta nufi ƙofa tana ɗaga ta sama tana neman sabis. Ta yi masa alama da hannu ya shirya.

Baba Ladan ya hure rami na ashirin da ɗaya. Ya goge taf, ya bi haƙoransa da farce kamar kullum. A haƙori na uku farcen ya ɗan tsaya. Ya sake bi. Ya sake tsayawa. Ya cire tabarau, ya kai fuskarsa kusa, bai ga komai ba, ido ba ya ganin irin wannan. Amma farce ya ji, wani ɗan ɓalli ne da bai kai ƙwayar gero ba.

"Bushra, kawo sabon taf."

"Baba, wannan sabo ne fa. Rami ashirin kawai ya yi."

"Kawo."

Ta kawo. Canjin ya ci minti goma, don sai da ya kwance, ya ɗaura, ita kuma ta sake auna tsawon sabon ta shigar wa injin. Oga Rasaki ya duba agogo sau uku. Ya juya ya faɗa wa bango da Yarbanci cewa ga irin abin da yake faɗa nan, sabon kaya a jefar, lokaci a ƙone, duk don tsoho ya nuna yana da amfani. Ya manta, ko bai damu ba, cewa Baba Ladan da Yarbanci ya yi wasan ƙasa. Tsohon ya ci gaba da aikinsa. Ya jefa tsohon taf ɗin a aljihun rigarsa. Alaja na bakin ƙofa ta ba su baya tana faɗa da wani a kan lodin kaya, ba ta ga ko ɗaya ba.

Ta dawo tana huci. "To, Baba, nuna mana."

"Alaja, akwai maganar da nake so..."

"Aiki tukun, magana daga baya. Ina da wani wurin zuwa. Rasaki, matso, ka buɗe kunnenka."

Shi ke nan, in ba za ta ji ba sai ta gani. Ya shafa mai, ya rufe ƙofar gilashi, ya danna kore, ya ja da baya taki ɗaya, ya goya hannayensa. Bushra ta rufe bakinta da gefen mayafi. Oga Rasaki ya fara murmushi.

Daga bakin rami zuwa gindinsa daƙiƙa shida ne. Sandar ta sauko tana juyi, taf ya taɓa ƙarfe, ya kama. Alaja ta kalli maɓallin, ta ga ba kowa a kansa, ta kalli Baba Ladan.

"Baba! Hannu!"

Bai motsa ba. Abin da ya rage kawai ya ƙara tsayuwa daƙiƙa uku, injin zai faɗi gaskiya da kansa, a gaban kowa, ba sai ya buɗe baki ba.

"Baba, hannunka! Mol ɗin mutane! Ye!"

Koren get ne ya faɗo masa a rai, da Jumare a gefensa yana sara wa gilashi. Tsoro ya kama shi, tsoro sosai. Ya yi taki ɗaya gaba, ya karkata kai, ya ɗora yatsu biyu, ya murɗa. Maɓallin bai ma kama tsinkensa ba, yawo kawai ya yi a kai, shi kaɗai ya ji haka a yatsunsa. Kukan injin ya sauka. Sandar ta tsaya, ta juya, taf ya fito yana sheƙi.

Alaja ta dafe ƙirji da wayar. "Ka ji? Rasaki, ka ji yadda ya sauka? Saura ƙiris! Baba, kada ka ƙara yi min irin wannan wasa, ina da hawan jini." Ta juya kan ƙanin mijinta. "Da gangan ya yi, don ka gani. To ka gani? Wa zai murɗa in an tafi shan shayi? Kai?"

Oga Rasaki ya daina murmushi. Ya leƙa allon injin, lambobi ne da bai san kansu ba. Ya juya wurin Bushra. "Ke kika yi karatun abin. Haka ne? Dole sai an tsaya a kansa?"

Bushra ta sauke mayafin daga bakinta. "Oga, wata goma sha huɗu ba mu karya taf ba. Kafin Baba ya zo an karya shida."

"Ka ji," in ji Alaja. "Magana ta ƙare. Injin Turawa a ƙasar Turawa, wannan na Ogba ne. Baba na nan."

Aka yi sauran ukun tana tsaye. Kowanne ya hure, ya duba, ya shafa, a lokacin tana latsa waya, in taf ya fara sauka sai ta ɗago ta zuba wa yatsunsa ido. Kowanne ya karkata kai ya murɗa. Da na ashirin da huɗu ya fito ta tafa, ta ce a kira mutanen Abule Egba gobe su zo su ɗauki kayansu. Ta kai bakin ƙofa sannan ta tuna.

"Af, Baba, dā wace magana za ka yi min?"

Hannunsa na cikin aljihu, farcensa a kan haƙori na uku na tsohon taf ɗin. Zai iya fito da shi. Zai iya ba ta ta shafa, in farcenta zai ji, ya ce mata ga abin da zai karye a ramin can, ga abin da ya hana. Ya dube ta. Rabin jikinta na waje, wayar ta fara ƙara, Oga Rasaki na tsaye a bayanta yana jira.

"Maɓallin ne," in ji shi. "Ya yi sako-sako. Yana son ɗauri."

"To a ɗaure shi mana! Abin da ke riƙe da mu duka? A ɗaure shi yau ɗin nan." Ta kara waya a kunne ta fita.

Shagon ya yi shiru sai ƙarar fankar injin. A waje yaran motocin haya na danfo na kiran Agege, Agege. Bushra ta buɗe durowa ta yi ta tone-tone har ta gano ƙaramin makullin a ƙarƙashin littafin injin. Ta miƙa masa ba ta kalli fuskarsa ba, shi ma bai kalli tata ba. Ta ɗauki jakarta ta ce sai da safe, ya ce ta gaida mutan gida.

Ya fito da tsohon taf ɗin, ya ƙara bin sa da farce sau ɗaya, ya jefa shi a bokitin tarkacen ƙarfe. Sannan ya sa tabarau, ya daidaita maɓallin a kan tsinkensa, ya zura makullin a ɗan notin gefen. Ya ɗaure shi a hankali, ya ƙara ɗaurewa, har makullin ya fara lanƙwasa. Ya murɗa hagu, ya murɗa dama, ya ji ya kama gam, ba zai ƙara faɗuwa a gaban kowa ba. Ya ajiye shi a kan ɗari, ya je wanke hannu.